Tsaikon Da Ke Cikin Ƙwayar Halitta

Arewa maso yamma da tsakiyar birnin Doha, a ƙasar Katar, akwai wata unguwa wadda a ke kira Madinat Khalifa. An raɗa mata sunan Shehu Halifa ɗan Hamad, wanda ya yi sarautar ƙasar daga 1972 har 1995. Da wuya ka sami direban Doha wanda bai san unguwan nan ba, gama a nan ne babban ofishin 'yan sanda masu lura da hanya ya ke. Mutanen ofishin nan ba su tuƙa motar kowa, ba su ɗaukar kayan kowa. Aikinsu shi ne su san ko wace mota da lambarta, ko wane direba da lasinsa, su kuma tsara inda za a bi da inda za a tsaya. Amma da za su bar aiki yini guda, ko da motoci lafiya lau su ke, direbobi kuma gwanaye ne, ba wanda zai kai gida da wuri.

To, cikin jikinka akwai ma'aikata masu irin wannan aiki, sai dai ido ba ya ganinsu. Su ne za mu ba da labarinsu a nan. Za mu kuwa ga yadda al'amarinsu ya shafi wata cuta da ke damun waɗansu yara a Katar, da kuma zazzaɓin cizon sauro da ke damun namu a ƙasar Hausa.

Ƙwayar Halitta Da Ma'aikatanta

Jikin mutum da na dabba da na itace duk an gina su ne da waɗansu ƙananan abubuwa, kamar yadda a ke gina bango da tubali. Cikin 1665 wani mutumin Ingila, Robert Hooke, ya ba da labarin yadda ya yanki ɓawon wani itace, ya duba shi da madubi mai girmama abu, irin wanda mu ke kira madubin likita. Ya ga ɓawon cike da 'yan ramuka a jere, kamar saƙar zuma, sai ya kira su ɗakuna. Mu a Hausa muna ce da ko wane ɗaya ƙwayar halitta. Masu ilmi sun ƙiyasta akwai wajen tiriliyan 30 a jikin babban mutum, tiriliyan ɗaya kuwa miliyan ce sau miliyan. In kana so ka san ƙanƙantarsu, ɗauki jajayen ƙwayoyin jini: sai ka jera wajen 125 kafin su cika milimita ɗaya.

Ko wace ƙwaya tana lulluɓe da wani tantani wanda ya raba ciki da waje. A tsakiyar yawancin ire-irensu akwai cibiya, inda a ke ajiye ƙwayoyin gado, watau umurnin da mutum ya gada daga uwa da uba. Masu cika umurnin kuwa su ne furotin. Furotin kamar zare ne da aka shirya wa duwatsu. Duwatsun iri 20 ne, a na kiransu amino asid. In an gama shirya zaren sai ya naɗe kansa, ya ɗauki wata siffa, siffan nan kuwa ita ke nuna aikin da zai yi. Wani ƙofa ne a jikin tantani. Wani ɗan dako ne. Wani manzo ne mai kai saƙo. Wani kuwa aikinsa yanka da rushewa.

Ga inda wuya ta ke. Cikin ƙwaya ɗaya ta jikin mutum, furotin sun fi miliyan dubu, suna cunkushe, suna ta karo da juna. Ba su da ido, ba su da kunne. Ka ƙaddara kasuwar Kurmi ta Kano ran jajibere, a ce an rushe rumfuna duka, an cuɗanya 'yan goro da masu fata da masu tukwane, sa'an nan aka ɗaure wa kowa ido. Yaya mai saye zai gamu da mai sayarwa? Kasuwa tana ci ne don ko wace sana'a tana da layinta. Haka nan ƙwayar halitta. Akwai waɗansu furotin da ba su da wani aiki sai riƙe 'yan'uwansu. Jikinsu cike ya ke da aljihuna da ƙugiyoyi, ko wane aljihu kuwa furotin iri ɗaya tak ya ke karɓa.

Turawa sun ba su sunan katakon nan da magina ke kafawa a jikin gini don su sami wurin takawa. Mu a nan za mu kira su tsaiko. In Bahaushe zai yi rufin ɗakin ciyawa, ya kan fara ɗaure gora ko sanduna, a haɗa kawunansu a sama, a kewaye su da tanka. Wannan shi ne tsaiko. Sa'an nan a baibaye shi da ciyawa, ya zama jinka. Tsaiko da kansa ba ya tare ruwan sama, ciyawa ce ke tarewa. Amma in babu shi, ciyawa tari ce kawai a ƙasa. Aikin furotin na tsaiko iri uku ne, bari mu bi su ɗaya ɗaya.

Aiki Na Fari: Jera Manzanni

Abin da ya fara buɗe wa masu ilmi ido a kan wannan al'amari ba mutum ba ne, yis ne, wanda a ke kumbura burodi da shi. Yis halitta ce mai ƙwaya ɗaya, yana kuwa da jinsi biyu. In ɗaya yana neman ɗaya, sai ya saki wani abu cikin ruwa, kamar ƙamshi. Sa'ad da ƙamshin ya taɓa tantanin wancan, dole a kai labari can cikin cibiya, a ce a daina girma, a yi shirin haɗuwa.

Manzanni uku ne ke kai wannan labari, sunayensu Ste11 da Ste7 da Fus3. Na fari ya buga wa na biyu wani hatimi, wanda a ke kira fosfet. Hatimin ya tashe shi, shi kuma ya buga wa na uku, na uku ya isar da saƙo. Cikin 1994 ƙungiyoyi uku na masu bincike a Amurka, cikinsu har da ta Elaine Elion ta Jami'ar Harvard, suka gano cewa manzannin nan ba neman juna su ke yi cikin cunkoso ba. Akwai wani furotin, Ste5, wanda ke riƙe da su ukun, ko wanne a aljihunsa. Shi ba ya buga wa kowa hatimi. Amma in an cire shi, labari ba ya isa ko kaɗan.

Ka taɓa ganin magina suna ɗora tubali a kan bango mai tsawo? Ɗaya yana ƙasa yana jefawa, ɗaya yana kan tsani yana cafewa, babban magini yana bisa yana ɗorawa. Aikin yana sauri don ko wanne yana tsaye daidai inda hannun ɗan'uwansa zai kai. Amfanin tsaiko na fari ke nan, watau sauri.

Na biyu ya fi wannan. Ste11 ba saƙon haɗuwa kaɗai ya ke kaiwa ba. In yis ya faɗa cikin ruwa mai gishiri da yawa, shi ne dai a ke aika da labarin a yi shirin tsare ruwan jiki. Me ya hana ya rikita saƙonnin biyu? Tsaikon da ya ke zaune a kai. In yana kan Ste5, na kusa da shi manzon haɗuwa ne. In yana kan wani dabam, mai suna Pbs2, na kusa da shi manzon gishiri ne. Cikin 2003 Wendell Lim da almajiransa, a Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko, suka tabbatar da wannan ta wata dabara. Suka ɗinke Ste5 da Pbs2 suka zama abu guda, bayan sun toshe waɗansu aljihuna. Sai ga yis, in ya ji ƙamshin haɗuwa, yana shirin gishiri. Manzannin ba su sake ba, mazauninsu aka sake, ma'anar saƙo kuwa ta sake.

Kada ka ce tun da tsaiko abin kirki ne, yawansa alheri ne. In tsaiko ya fi manzanni yawa, sai wannan ya kama manzo na fari, wancan ya kama na biyu, wani can ya kama na uku, ba mai cikakkun uku. Labari sai ya mutu. Gwargwado shi ne magani.

Aiki Na Biyu: Haɗa Kaya Da Ɗan Dako

Akwai ƙwayoyi masu tsawon ban mamaki, su ne na jijiyoyin saƙo. Wadda ke motsa babban yatsan ƙafarka, jikinta yana cikin lakar gadon bayanka, wutsiyarta kuwa ta miƙa har ƙafa, wajen mita ɗaya. Yawancin kayan da bakin wutsiyan nan ke bukata can kusa da cibiya a ke yinsu. Da za a bar su su yi ta yawo har su kai da kansu, da mutum ya tsufa ya mutu ba su isa ba.

Saboda haka akwai hanyoyi cikin wutsiyar, waɗansu 'yan bututai ne sirara, shimfiɗe kamar layin dogo. A na zuba kayan cikin 'yan jakunkuna na tantani, 'yan dako su ɗauka. Cikin 1985 Ronald Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz suka gano ɗaya daga cikin 'yan dakon nan, cikin jijiyar wani naman teku mai hannuwa goma, suka sa masa suna kinesin. Ƙafafu biyu gare shi, yana kuwa tafiya da su kamar mutum. Ko wane taki nasa nanomita 8 ne, nanomita kuwa ita ce in ka raba milimita kashi miliyan ka ɗauki ɗaya. Watau kafin a ci mita guda sai an yi taki miliyan 125. Duk da haka kaya masu sauri su kan ci santimita 20 zuwa 40 a kwana ɗaya. Kinesin daga cibiya ya ke tafiya zuwa baki. Mai komowa da kaya wani ne dabam, sunansa dainin.

Ɗan dako dai bai san abin da ke cikin jaka ba, bai kuwa san inda za ta ba. Ƙari kuma, kinesin in ba shi da kaya sai ya naɗe jikinsa ya kwanta, don kada ya ɓata ƙarfi a banza. Wa zai tashe shi, ya aza masa kayan da ya dace? A tashar mota wannan aikin ɗan kamasho ne. Ba shi da mota, ba shi da kaya, amma shi ya san motar da za ta Katsina da wadda za ta Zariya, shi ke haɗa fasinja da direba.

Ɗaya daga cikin 'yan kamashon ƙwaya shi ne JIP1, wanda aka gano cikin 1997 a ɗakin binciken Roger Davis, a Jami'ar Masachuset. Da fari an san shi ne da riƙe manzanni uku, kamar Ste5. Cikin 2001 Kristen Verhey da abokan aikinta suka nuna ashe yana kuma kama kinesin. Da hannu ɗaya yana riƙe da jaka, da ɗayan yana riƙe da ɗan dako. Cikin 2013 kuma Meng-meng Fu da Erika Holzbaur, na Jami'ar Fensilbaniya, suka ga abin da ya fi wannan. JIP1 yana iya kama kinesin, yana kuma iya kama ƙungiyar dainin. In an buga masa hatimin fosfet a wani wuri, sai ya tashi kinesin, kaya su yi gaba. In ba hatimin, sai ya koma wajen dainin, kaya su yi baya. Ka ga tsaiko ba igiya ba ce kurum, shi ke yanke shawarar inda za a nufa.

Kayan da suka bi sawunsa cikin binciken nan wani furotin ne mai suna APP. Gutsattsarinsa ne ke taruwa cikin ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta tsufa, wadda a ke kira da sunan likita Alzheimer. Don haka masu bincike suka sa ido ƙwarai a kan wannan zirga-zirga. Cikin shekaran nan ta 2013 ne kuma aka ba James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof kyautar Nobel, saboda bayanin yadda 'yan jakunkunan nan ke tashi da yadda su ke sauka inda aka aike su.

Aiki Na Uku: Ɗaure Ƙofa A Turke

Yanzu mu koma Katar. Akwai wata cutar gado da likitoci ke kira sistik faiburosis. Yaron da ke da ita majinarsa ta kan yi kauri kamar danƙo, ta toshe hanyoyin huhu, ya yi ta tari, ƙwayoyin cuta su sami mazauni. Zufarsa ta kan yi gishiri fiye da kima, da wannan ma a ke gane cutar a asibiti. A da a na tsammani ta Turawa ce kawai, don a cikinsu ta fi yawa. Amma cikin 2001 likitocin asibitin Hamad na Doha suka buga labarin yara masu ita cikin wata babbar zuriya ta Larabawan Katar, dukansu da lahani iri ɗaya, wanda a ke kira I1234V.

Tushen cutar wata ƙofa ce mai suna CFTR, wadda Lap-Chee Tsui da John Riordan da Francis Collins suka gano ƙwayar gadonta cikin 1989. Zare ne mai duwatsu 1,480. Aikinta shi ne ta bar kulorayid, watau rabin gishirin nan na miya, ya fita daga cikin ƙwaya. Inda gishiri ya tafi kuwa, ruwa ya kan bi shi. Ruwan nan ne ke tsinka majina, har 'yan gasusuwan da ke cikin hanyoyin huhu su iya share ta zuwa maƙogwaro. In ƙofa ba ta aiki, ba gishiri, ba ruwa, majina ta daskare.

Ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin hanyar huhu suna da gaba da baya. Gabansu yana duban inda iska ke bi, bayansu yana duban jini. Ƙofan nan ba ta da amfani sai tana gaba. Ga yadda ta ke zuwa can. A na saƙa ta a wata masaƙa kusa da cibiya, a duba ko ta naɗu daidai. Wadda ba ta naɗu ba a nan a ke rushe ta. Wadda ta ci jarrabawa sai a wuce da ita wani zango, wanda a ke kira da sunan Camillo Golgi, mutumin Italiya da ya fara ganinsa cikin 1898. Daga nan a sa ta cikin jaka, a kai ta tantanin gaba.

Kaiwa dabam, zama dabam. Tantani ba kamar bango ya ke ba, ya fi kama da mai a bisa ruwa, abin da ke cikinsa yana iya sulalewa. Ƙari kuma, ko yaushe ƙwaya tana janye ƙofofinta ciki, ta mai da waɗansu, ta aika da waɗansu wani rami inda a ke narka shara. Abin da ke tsare CFTR shi ne 'yar wutsiyarta. Duwatsu huɗu na ƙarshen zaren su kan shiga wani aljihu na wani tsaiko mai suna NHERF1, abin da aka gano cikin 1998. Shi kuma NHERF1 yana kama da wani furotin, ezrin, wanda ke maƙale da ragar da ke ƙarƙashin tantani. Kamar doki ke nan, da igiya, da turke. Irin aljihun nan a na kiransa PDZ, akwai kuwa fiye da 200 irinsa cikin furotin ɗin jikin mutum.

Amma ba NHERF1 kaɗai ke son wutsiyan nan ba. A zangon Golgi akwai wani mai suna CAL, wanda aka ba da labarinsa cikin 2002 daga Jami'ar Johns Hopkins. Shi ma yana da aljihun PDZ, sai dai in shi ya kama wutsiyar, ƙofar ramin shara ta nufa. Wutsiya ɗaya, hannu biyu na ja. Yawan ƙofofin da ke aiki a huhunka yau ya rataya ne ga wanda ya rinjaya.

A lura, lahanin yaran Katar ba a jikin tsaiko ya ke ba, a jikin ƙofar ya ke. Cikin 2014 masu bincike a Toronto ta Kanada suka nuna cewa sanadinsa duwatsu shida ne ke ɓacewa daga zaren, tun daga na 1,234. Ƙofar ba ta naɗuwa sosai, saboda haka yawancinta ba ta wuce masaƙa. Lahanin da ya fi yawa a Turai, F508del, shi ma haka ya ke, dutse ɗaya ne ya ɓace. To, in kaɗan ne ke isa tantani, ko wace ɗaya tana da daraja, tsawon zamanta a turke kuwa ya zama babbar magana. An sami magani na fari mai taimakon ƙofar ta buɗe cikin 2012, cikin 2019 kuma aka sami haɗin magani uku, Trikafta, wanda ke taimakonta ta naɗu ta fito. Waɗansu masu bincike kuma sun gwada toshe aljihun CAL a ɗakin gwaji, suka ga ƙofofin sun daɗa yawa a tantani.

Jan Ƙwayar Jini Da Baƙon Da Ke Shiga Cikinta

In kana son ganin tsaiko wanda ya yi kama da na jinka sosai, dubi jan ƙwayar jini. Ba ta da cibiya, jaka ce kawai cike da abin da ke ɗaukar iska. Siffarta kamar faifai mai lotsattsen ciki. Kwana wajen 120 ta ke yi tana kewaya jiki, tana bi ta cikin saifa, inda sai ta matse ta wuce ta waɗansu tsagogi da ba su kai rabin faɗinta ba. Ta lanƙwashe, ta wuce, ta koma yadda ta ke.

Abin da ya ba ta wannan hali wata raga ce da ke shimfiɗe ƙarƙashin tantaninta. Cikin 1968 Vincent Marchesi da Edward Steers suka fid da furotin ɗin ragar. Masu bincike su kan kira jan ƙwayar da aka juye cikinta fatalwa, daga nan aka samo masa suna, sifektirin. Cikin 1979 kuma Vann Bennett ya gano abin da ke ɗaure ragar da tantani, ya kira shi ankirin, daga sunan ƙarfen nan da a ke jefawa cikin ruwa don a tsai da jirgi. Ankirin yana riƙe da raga a hannu ɗaya, da wata ƙofa ta cikin tantani a ɗayan.

In ɗaurin da ke tsakanin raga da tantani ya yi sako-sako, tantani ya kan riƙa gutsurewa, ƙwayar ta dunƙule kamar ƙwallo. Ƙwallo kuwa ba ya lanƙwasuwa, sai ya maƙale a saifa a rushe shi. Mai wannan lahani ya kan yi ƙarancin jini da shawara, saifarsa ta kumbura. In kuwa ɗaurin ragar da junanta ne ya yi rauni, ƙwayar ta kan miƙe kamar ƙwai. Wannan iri ya fi yawa a Afirka ta Yamma bisa Turai, yawancin masu shi kuwa ba su ma san suna da shi ba.

Bahaushe ya ce, da ɗan gari a kan ci gari. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, irin mai tsananin nan da a ke kira falsifarum, ta san wannan. In ta shiga jan ƙwayar jini ta ɓuya, babban abin tsoronta saifa, gama saifa tana gane ƙwayar da ta yi tauri. Dabararta ita ce ta manne a jikin ƙananan jijiyoyin jini, kada ta bi ta saifa sam. Don haka sai ta ƙera wani furotin mai danƙo, ta kafa shi a bayan tantani. Amma jan ƙwaya ba ta da masaƙa, ba ta da zango, ba ta da 'yan dako. Sai baƙuwar ta gina nata. Ta kwance wani sashi na ragar mai gida, ta shimfiɗa hanya da shi. Ta kuma aika da tsaikonta, mai suna KAHRP, ya kama sifektirin, ya ta da waɗansu 'yan ƙuraje a jikin tantani, a bisansu a ke kafa danƙon. Cikin 1997 masu bincike a Melbon ta Ostareliya suka cire KAHRP. Ƙurajen suka ɓace, ƙwayoyin kuma suka kāsa mannewa in ruwa na gudu. Mannewan nan ce ke toshe jijiyoyin ƙwaƙwalwa, har yaro ya riƙa suma da taune-taune.

Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa masu jini AS, watau waɗanda suka gaji sikila ta waje ɗaya kawai, zazzaɓi bai cika kashe su ba. Babban binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi a ƙasar Garki daga 1969 zuwa 1976, a Jihar Jigawa ta yanzu, ya ga masu AS sun fi yawa cikin manya bisa cikin jarirai. Watau su suka fi tsira. Cikin 2011 kuma masu bincike a Haidalbag ta Jamus suka ba da ɗaya daga cikin dalilan: a cikin jini mai S ko C, baƙuwar ba ta iya shimfiɗa hanyan nan tata sosai, danƙonta ba ya isa tantani yadda ta ke so. Shi ya sa gadon sikila ya yi yawa inda sauro ya yi yawa. A Nijeriya kamar mutum ɗaya ne cikin huɗu ke ɗauke da shi.

Abin Da Ke Hannun Mutane

Sikila da sistik faiburosis hanyar gadonsu ɗaya ce. Wanda ya gaji lahanin ta waje ɗaya lafiyarsa lau, sau da yawa bai ma sani ba. Amma in miji da mata duka suna ɗauke da shi, ko wane ciki da matar ta ɗauka akwai tsammanin ɗaya cikin huɗu yaron ya gaji biyu, ya fito da cutar. Kada a ce in an haifi ɗaya mai ciwo, ukun da ke biye sun tsira. Ko wane ciki lissafinsa dabam. Inda auren zumunci ya ke da yawa, kamar Katar da ƙasar Hausa, ya fi sauƙi masu ɗauke da lahani iri ɗaya su haɗu, gama kakansu ɗaya.

Saboda haka tun daga ƙarshen 2009 Gwamnatin Katar ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, sistik faiburosis da sikila kuwa suna cikin abin da a ke dubawa. Cikin 2024 Jihar Kano ita ma ta kafa dokar gwaji kafin aure, har da na irin jini. Gwajin ba ya gyara ƙofa, ba ya ɗaure raga. Gyaran nan yana wajen masu bincike, aikinsu kuwa mai tsawo ne: daga gano CFTR zuwa samun maganin fari an yi shekara 23. Abin da gwaji ke yi shi ne ya sanar da saurayi da budurwa da iyayensu abin da ke cikin jininsu tun ba a kai goro ba, su yi shawara da idonsu a buɗe. Rigakafi dai ya fi magani.